Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Kwamitin Amintattu Na TETFund: An Rufe Mana Ƙofar Waje, A Gyara Mana Ta Gida

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Aminu Bello Masari, Dallatun Katsina, Shugaban Kwamitin Amintattu na Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga uba, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya sa a gama lafiya.

Ni ƙaramin malami ne a sashen injiniyancin sinadarai na wata jami'ar gwamnati a Arewa, kuma bana shekarata shida ke nan da yin rajistar digiri na uku. Na rubuto ne da yawun ire-irena, wato matasan malamai da ɗalibai masu neman digirin digirgir a fannonin kimiyya da injiniyanci da kwamfuta. Ba mu da ƙungiya, ba mu da shugaba ko ma'aji. Layin jiran na'ura ne ya haɗa mu, sai kuma bencin mai shayi da ke gindin darbejiya a bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda muke zama duk lokacin da aka ɗauke wuta. Na zaɓi in yi maka magana da Hausa domin iyayenmu da matanmu, waɗanda kullum tambayarsu ita ce “wai yaushe za a gama karatun nan?”, su ma su karanta su san inda gizo ke saƙar.

A watan Nuwamba na 2024 asusun da kake jagoranta ya sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, daga 1 ga Janairun 2025. Dalilai biyu aka bayar: tsadar karatun, da kuma yadda wasu da aka tura suke ƙin dawowa. Bayan 'yan watanni, a 2025, Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa shi ma ya sanar da tsayar da tallafin karatu na yarjejeniyar musaya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hungary. Hujjar da ya bayar ita ce, abin da ake zuwa nema a waje akwai shi a gida.

Ba mu zo musun dalilanku ba. Mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, har kuɗin da a da zai ɗauki nauyin mutum uku ya koma da ƙyar yake riƙe ɗaya. Mun kuma ji Babban Sakataren asusun, Sonny Echono, yana shaida wa kwamitin Majalisar Wakilai a 2023 cewa malamai sama da 130 da aka tura sun yi layar zana. Wasunsu mun san su, mun yi aji ɗaya da su, kuma kwasa-kwasan da suka gudu suka bari mu aka jibga wa. Don haka in ana maganar wanda ya fi jin haushinsu, mu ne a sahun gaba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rabin maganar da ba a ƙarasa ba. An ce mu zauna a gida mu yi karatun. To, mun zauna. Ga halin da gidan yake ciki.

Abu na farko, wanda kuma sauran duk suka rataya a kansa: digiri na uku a kimiyya aikin hannu ne. Mai nazarin tarihi ko shari'a, in ya samu littattafai da natsuwa da malami nagari, zai iya yin nisa. Mu kuwa sai da wuta, sai da sinadari, sai da na'ura mai lafiya da mutumin da ya iya sarrafa ta. Bari in ba ka misali da kaina, ba don nawa ya fi na kowa zafi ba, sai don shi na fi sani.

Bincikena a kan ɓuntun shinkafa ne, wannan da ake tulawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa a Kura da Haɗeja da Argungu, yara na wasa a kai, iska na watsa shi cikin idon mutane. In aka ƙona ɓuntu, tokar da ta rage kusan kashi 90 cikin 100 sinadarin silika ne. Idan zafin ƙunar bai wuce digiri 700 ba, silikar takan fito a yanayin da za ta iya haɗuwa da siminti ta ƙara masa ƙarfi, har magini ya rage yawan buhunan da zai saya. Idan kuwa zafin ya zarce, sai ta daskare ta zama kamar yashi, amfaninta ya tafi. Ido ba ya bambance waɗannan toka biyu, dukansu fari-fari ne. Sai an sa su a na'urar XRD, wadda ke haska tokar da hasken X-ray ta nuna tsarin cikinta, kafin a san wacce ce wacce.

Kowace ƙuna tana buƙatar awa shida murhun lantarki na riƙe da zafi ɗaya, ba hawa ba sauka. Sau uku a cikin mako guda aka ɗauke wuta ana awa ta huɗu. Ina tsaye ina kallon lambobin jikin murhun suna gangarowa, 650, 610, 570, kamar mai kallon tulunsa na yoyo ba shi da abin toshewa. A ƙarshe muka yi karo-karo mu huɗu muka sayi dizal daga albashinmu, muka roƙi mai kula da janareta ya kwana tare da mu. Da tokar ta samu, sai na zuba ta a ƙananan kwalabe 12, na manna wa kowace lamba, na naɗe su a tsohuwar jarida, na kai tasha na ba direba kamar mai aika wa 'yarsa daddawa, domin na'urar da ke aiki tana wani gari mai nisan tafiyar yini guda. Tamu tana nan a lulluɓe da leda, wai wani ƙaramin abu ne ya ƙone a cikinta tun kafin a ɗauke ni aiki. Na biya kuɗin kowane samfuri, na jira mako bakwai. Da sakamakon ya zo, hoton takarda ne aka ɗauka da waya aka turo mini ta WhatsApp, a karkace, ba ainihin bayanan da zan iya sarrafawa a kwamfuta ba, kuma lambobin kwalabe biyu sun goge a hanya. Aikin zangon karatu guda ke nan ya tafi.

Nawa ma da sauƙi, tunda ɓuntu ba ya ƙarewa. Wata abokiyar aikinmu a sashen nazarin ƙananan halittu ta shafe shekara biyu tana tattara samfurori daga rijiyoyi da dakunan shan magani na ƙauyuka, tana adana su a firjin da dole sanyinsa ya tsaya a digiri 80 ƙasa da sifili. Aka tafi hutun Sallah, wuta ta lalace, ba wanda ya sani sai bayan kwana huɗu. Ina wurin ranar da ta buɗe firjin. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba, ta mayar da murfin a hankali ta gyara mayafinta ta fita. Har yau ba ta koma kan aikin ba.

Matsalar wutar nan kuma ƙaruwa ta yi. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, wato waɗanda aka ce sun fi kowa samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane yunit, manyan jami'o'i suka shiga kukan ba za su iya biya ba, wasu suka koma rabon wuta awa-awa. In ana rabon, ofisoshin gudanarwa ake fara ba, ɗakin gwaji ne na ƙarshe.

'Yan kwamfuta za a ɗauka su sun tsira, tunda ba sa buƙatar kwalba ko murhu. Ina! Mai bincike kan ƙirƙirarriyar basira yana buƙatar injina masu ƙarfin lissafi, waɗanda ake kira GPU, kuma ɗaya mai kyau ya fi albashin malami na shekara. Akwai wani ƙanenmu da ke koya wa kwamfuta gane maganar Hausa. A dandalin kyauta na Google Colab yake aikinsa, wanda ba ya barin mutum ya wuce 'yan awoyi kafin ya katse shi. Ƙarfe biyun dare yake tashi saboda datar dare ta fi araha, ya kunna aiki, ya zauna yana gadi kamar mai jinya, ya gyangyaɗa, ya farka ya tarar an katse, ya sake daga farko. Abin da takwaransa a Turai zai gama kafin la'asar, shi sai ya yi wata. Matasanmu a ƙungiyoyin sa-kai irin su HausaNLP da Masakhane sun nuna wa duniya cewa ƙwaƙwalwa ba ita ce matsalar ba, domin ayyukansu suna fitowa a manyan tarukan masana na duniya. Amma a duba a ga a injin wa ake sarrafa bayanan harshenmu, kuma a ƙarshe wa ke mallakar abin da ya fito.

Na biyu shi ne lokaci. Sunan mu ɗalibai ne, amma a zahiri mu ne jakunan sashe. Ni kaɗai ina koyar da kwas huɗu, ɗaya daga ciki ɗalibai sun haura 300, ga duba ayyukan 'yan ajin ƙarshe, ga haɗa sakamakon jarrabawa. Hutun karatu yana nan a takarda, sai dai shugaban sashe zai dube ka ya ce, “Malam, in ka tafi wa zai riƙe ajin?” Kuma gaskiyarsa ce, babu kowa. Wanda aka tura Malesiya ko Ingila a da, babbar ribar da ya samu ba ginin jami'ar ba ne, shekara uku ce da ya yi ba abin da ke gabansa sai bincikensa. Wannan ribar ce aka ɗauke ba a mayar da madadinta ba. A ƙara da yajin aikin 2020 na wata tara da na 2022 na wata takwas, kusan shekara ɗaya da rabi ke nan ɗakunan gwaji na kulle, sinadarai na lalacewa, ɓeraye na cin wayoyin na'urori.

Sai maganar masu duba aiki, kuma a nan zan taka a hankali domin malamaina ne, da yawansu kuma suna yin abin da ya fi ƙarfinsu. Farfesa guda za ka tarar yana duba ɗalibai goma sha wani abu, yana koyarwa a wasu jami'o'i biyu don albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Babi ɗaya sai ya yi wata huɗu a cikin mota. In an zo kare kundi, a wurare da dama ɗalibi ne zai ji da masaukin mai jarrabawa na waje da abincin 'yan kwamiti, har da ruwan roba da lemo. Wanda ka ciyar kuwa, da wuya ya kalli idonka ya ce aikinka bai yi ba. Ta haka digirin ke rasa daraja tun kafin a ba da shi.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba. Mutum ya yi digirin farko da na biyu da na uku duk a sashe ɗaya, a hannun malamai ɗaya, da na'urori ɗaya, sannan ya zauna a kujerar ya koyar da wasu. Duk abin da malaminsa bai sani ba, shi ma ba zai sani ba, ɗalibinsa ma haka. Manoma sun san abin da ke faruwa da irin da ake ta maimaitawa a gona ɗaya shekara da shekaru. Fita waje, duk da tsadarta, ita ce ke kawo mana sabon iri.

Kuɗin buga takardu ma wani ciwo ne. Jami'o'i suna sharɗanta a buga sakamakon bincike a mujallu masu daraja kafin a kammala, mujallun nan kuwa da yawansu suna karɓar dala 2,000 ko fiye a kan takarda guda. Wanda ba shi da su sai ya faɗa hannun mujallun bogi, waɗanda za ka aika musu aiki ranar Litinin su buga ranar Alhamis ba wanda ya karanta.

Na ƙarshe a koke-kokenmu ya shafi waɗanda ma ba su samu shiga ba. Tallafin TETFund na malaman da ke aiki a makarantun gwamnati ne kawai. Yaron da ya fita da sakamako mafi daraja a lissafi ko fiziks, ya yi digiri na biyu, amma bai samu wanda zai tsaya masa a ɗauke shi koyarwa ba, ba shi da ƙofa ko ɗaya. Gwamnatin Kano ta tura ɗaruruwan irin waɗannan Indiya da Uganda digiri na biyu tun daga 2023, kamar yadda aka yi a shekarun baya. Sun dawo, ko suna dawowa. Daga nan sai ina? Na san mai digiri na biyu a injiniyancin lantarki da ke zaune a rumfar POS. Ba aibu ba ne neman halak, amma asara ce ga ƙasa. A lokaci guda kuma ga sababbin jami'o'i, ta fasaha a Ɓaɓura, ta sufuri a Daura, ta kimiyyar lafiya a Azare, ban da tsofaffin na Bauchi da Minna da Yola da Wudil da Aliero, kowace tana neman masu digiri na uku, kuma Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta daɗe tana cewa shi ne mizanin malamin jami'a. Malaman da ake da su ɗin nan dai ake ta yawo da su daga wannan jami'a zuwa waccan. Mata kuwa nasu ya ninka: karatun da ya kamata ya ɗauki shekara huɗu in ya koma takwas, ya haɗu da aure da goyo, yawancinsu ajiyewa suke yi.

Ranka ya daɗe, kada a ɗauka muna cewa gida babu komai. Akwai. A Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004, wadda ake iya gano sinadaran da ke cikin ƙasa ko dutse ko abinci da ita. Sakkwato na da cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980. Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero tana karɓar ɗaliban digiri na uku daga wasu ƙasashen Afirka, haka ma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja. Abin lura shi ne, mafi yawan wuraren da abin ke tafiya daidai, wuraren ne da kuɗin Bankin Duniya ko na wasu masu tallafi suka shiga da sharuɗɗa: a biya ɗalibi alawus, a ware kuɗin bincike, a ƙayyade lokacin gamawa, a zo a duba. Ashe ba mutanenmu ne suka kasa ba. In an yi tsarin, yana aiki a nan ɗin ma.

Ba kuma mu ne farkon waɗanda suka shiga wannan hali ba. Pakistan, hukumarta ta ilimi mai zurfi tana ɗaukar nauyin ɗalibai su yi digirin a gida, sannan ta tura su wata shida ɗakin gwaji a waje su yi abin da ba a iya yi a ƙasar. Brazil ta daɗe da irin wannan tsari. Indiya ta ɓullo da tallafin Firaminista na masu bincike a 2018, inda ake ba ɗalibi kuɗin ƙasar rupi 70,000 a wata tun daga shekarar farko, don a hana haziƙansu tafiya ƙasashen waje. A Holan da Suwidin da Norwe, gurbin digiri na uku aiki ne da ake tallatawa kamar kowane aiki, da albashi da hutu da ranar gamawa. A nan kuwa ɗalibi ne ke biyan kuɗin makaranta, ya sayi sinadari, ya sayi dizal, sannan a buga sakamakon da sunan jami'a. Tun 1980 shugabannin Afirka suka zauna a Legas suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa ga bincike. Mu da muka karɓi baƙuncin taron har yau ba mu kusanci wannan adadi ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a fito a faɗa wa jama'a nawa aka tsimi daga dakatar da karatun waje, a kuma killace kuɗin ga digiri na uku a cikin gida. Kada su narke cikin gina ƙofofin shiga da zaurukan taro. Gine-gine masu tambarin TETFund sun cika jami'o'inmu, mun gode, amma gini ba ya auna samfuri. Tunda Majalisar Zartarwa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai a Agustan 2025, lokaci ya yi da za a waiwayi abin da ke cikin ɗakunan.

Muna roƙon a ƙirƙiro guraben digiri na uku masu albashi, na shekara huɗu. Duk farfesan da ya ci tallafin Asusun Bincike na Ƙasa da kuke bayarwa, a haɗa masa da gurbin ɗalibi biyu ko uku. A tallata guraben a fili, a yi gasa, a buga sunayen waɗanda suka ci da makin da suka samu, kowa ya gani. Alawus ya riƙa shiga asusun ɗalibi kai tsaye duk wata, kuɗin sinadarai da gwaje-gwaje kuma a ware su daban, kada su bi ta ofis bakwai kafin su iso. A buɗe wa waɗanda ba ma'aikatan jami'a ba, bisa sharaɗin za su koyar na wasu shekaru bayan sun gama. In dokar 2011 da ta kafa asusun ba ta ba da wannan dama ba, ai kai ka riƙe Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, ka fi mu sanin yadda ake gyara doka. Ita kanta dokar harajin ilimi ta 1993 da ta haifi asusun, daga yarjejeniyar malaman jami'a da gwamnati ta 1992 ta fito, zamanin da Farfesa Attahiru Jega ke shugabantar ƙungiyarsu ta ASUU. Malamai ne suka yi tunaninta don a ceci ilimi, ba za ta rasa wurin masu son zama malamai ba.

Roƙonmu na uku shi ne wanda muka fi ba muhimmanci. Asusun ya riga ya san tsarin tura ɗalibin kimiyya ɗakin gwaji na waje na ɗan lokaci, yana cikin ƙa'idojinsa. A raya shi, a faɗaɗa shi, ya zama haƙƙin duk ɗalibin da ya kare shawarar bincikensa ya kuma nuna cewa na'urar da yake buƙata babu ita a ƙasar. Wata shida zuwa shekara ɗaya ya isa. Wannan yana magance duka dalilanku biyu. Kuɗinsa bai kai na cikakken karatu ba, sannan wanda takardar digirinsa ke hannun jami'ar gida dole ya dawo ya karɓa, ba shi da abin da zai gudu da shi. Ba lallai sai Ingila ko Amurka ba. Afirka ta Kudu da Masar da Indiya da Malesiya da Saudiyya duk suna da ɗakunan gwajin da za su biya mana buƙata. Fannonin da kwata-kwata babu mai duba su a ƙasar kuma, a bar musu 'yar ƙaramar taga ta cikakken karatu a waje, da sharuɗɗa masu tsauri.

Game da manyan ɗakunan gwaji na haɗaka da muka ji asusun na shirin kafawa, muna murna, amma muna roƙon a fara da wuta kafin na'ura. Kowane ɗaki ya samu nasa hasken rana da batura, ba ruwansa da layin sauran makaranta. Kada a sayi na'ura sai da yarjejeniyar gyara ta aƙalla shekara biyar da kamfanin da ya ƙera ta, da ma'aikata biyu da aka horar aka kuma biya su abin da zai hana su tafiya. Masu sarrafa na'urorin nan su ne ƙashin bayan bincike, amma ba a tuna su sai abu ya lalace. Sannan a yi rajistar duk wata babbar na'ura da aka taɓa saya da kuɗin asusun: tana ina, tana aiki ko ba ta yi, nawa ne kuɗin gwaji, wa za a tuntuɓa. A sa a intanet. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma na tabbata abin da za a gano zai ba kwamitinka mamaki. Akwai na'urorin da har yau suna cikin akwatin da aka kawo su.

'Yan kwamfuta kuma a yi musu cibiya guda ta ƙasa mai injinan lissafi masu ƙarfi, wadda ɗalibi a Dutsin-Ma ko Gashuwa zai nemi awoyi a ba shi ya shiga daga inda yake ta hanyar sadarwar jami'o'i ta NgREN. Ba sai kowace jami'a ta sayi nata ta kulle a ofishin shugaban sashe ba.

Sauran ƙanana ne amma suna da tasiri. Duk jami'ar da ta karɓi kuɗin horar da malami, a wajabta mata rage masa koyarwa zuwa kwas ɗaya, a ba ta kuɗin ɗaukar mai riƙon ƙwarya. Asusun ya ɗauki nauyin masu jarrabawa na waje, a haramta karɓar ko kwabo daga ɗalibi. A ƙayyade yawan ɗaliban da malami guda zai duba, a kuma biya shi a kan kowane ɗalibin da ya kammala a kan lokaci. A ware kuɗin buga takardu a mujallun da aka tantance. Mata masu goyo a tsayar musu da agogo na wata shida ba tare da yanke alawus ba. Waɗanda ke waje tun kafin dakatarwar a ci gaba da biyansu a kan kari har su gama.

Su kuma waɗanda suka gudu, a bi su da masu tsaya musu a karɓo kuɗin jama'a, ba mu da ja. Sai dai muna da shawara: wanda ya amince ya duba ɗalibai biyu daga inda yake, ya kuma karɓi ɗaya a ɗakin gwajinsa na wata shida, a rage masa wani abu daga bashin. Da yawansu kunya ce ta hana su waiwayowa, kuma ko ba komai suna zaune kusa da na'urorin da muke aika wa kwalabe a mota.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, muna gayyatarka. Ka zaɓi kowace jami'a ka ga dama, ka zo ba sanarwa, ba jiniya, ranar Talata da hantsi. Kada ka tsaya a ofishin shugaban jami'a. Ka wuce kai tsaye sashen kimiyya ko injiniyanci, ka nemi a buɗe maka ɗakin gwajin masu digiri na uku, ka nuna na'urori ɗaya bayan ɗaya ka ce a kunna. In ka biyo ta wajenmu za ka same mu a bencin mai shayi. Sababbin kwalabena 12 suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin teburina, na rubuta lambobinsu da fenti wannan karon, ina jiran albashi ya shigo in kai su tasha.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani ƙaramin malami, a madadin 'yan'uwansa masu neman digiri na uku a kimiyya da injiniyanci da kwamfuta.